Ki Buɗe Masu Kabad, Uwata

Daga Ƙanƙara,
zuwa ga Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kin sami masauki mai kyau da maƙwabta na kirki. Allah shi tsare ki a gida da hanya, shi tsare ki daga sharrin wutar da za ki riƙa aiki da ita, shi sa kin shiga wannan aiki a sa'a. Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba, za ki ji shi a waya daga bakin Innarki, har da wanda bai faru ba tukuna.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a aljihuna. Sunan mahaifiyata gare ki, in kina gabana bakina nauyi yake yi, in kuma a waya ne, kafin in kai tsakiyar magana kin ce "to Baba" kin rufe mani baki da ladabi. A takarda kuwa ba mai katse ni.

Da farko dai ki sani ina cikin farin ciki wanda ban san inda zan sa shi ba. Ɗiyata malama a jami'a! Ina tafiya a kan babur sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai, har masu shaguna sun fara tambayar ko lafiya. A majalisarmu ta bakin masallaci an sauya mani suna, yanzu Baban Lakcara ake ce mani, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi don na nesa su ji. Kowa ya tambaye ni me kike koyarwa sai in gyara zama in ce lantarki, da kuma wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, wanda ake rubuta wa umarni a kwamfuta ya bi. Sunansa na Turanci ya fi shi tsawo, na gwada faɗinsa harshena ya harɗe, don haka ni ɗan ƙwaƙwalwa nake ce masa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ana gobe za ki tafi, muna zaune gindin bishiyar ƙofar gida bayan la'asar, kika ce mani an ba ki 'yan shekarar farko, waɗanda yawancinsu ba su taɓa riƙe ko waya mai ɗauke da wuta ba. Kika ce man fetur ya sake yin daraja, gwamnati ta sayo wa sashenku kaya sababbi fil, an danƙa maki makullin kabad ɗin da suke ciki. Kika ce ba a tabbatar da ke a aikin ba tukuna, in yara suka ƙona kayan sunanki ne zai ɓaci, saboda haka kin yanke shawara wannan zangon ke za ki riƙa haɗawa a gaban aji suna kallo, kayan su yi zamansu a kulle. Ni kuma na ce maki, "Madalla, kin yi hankali." Baƙi suka yi sallama, maganar ta wuce. Wannan madallar ce nake so in janye, Uwata, domin tun da motarku ta tashi take damuna.

Bari in ba ki labarin nawa makullin. Lokacin da kuɗin mai suka fara zubowa ƙasar nan, muna cikin jihar Kaduna a lokacin, ni saurayi ne da na fito daga kwalejin horon malamai. Zamani ne na daɗi. Kowane saurayi da rediyo a kafaɗa, sababbin babura sun cika hanya, makarantu na tsirowa a garuruwan da ko shago biyu babu. Aka tura ni wani ɗan gajeren kwas, na dawo da suna Malamin Fasaha, aka kai ni wata sabuwar makaranta a ƙasar Faskari. Ban daɗe ba sai ga babbar mota ta tsaya a filin makaranta, aka yi ta sauke akwatunan katako daga ƙasar waje. Da aka fasa su, Uwata, sai da na riƙe baki. Mitoci masu allura, wayoyi ja da baƙi a nannaɗe, ƙananan fitilu, makunnai, batura, ƙarfen narka dalma, har da janareta tunda garin babu wuta. Ƙamshin sabunta kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙoshi.

Shugaban makarantarmu, dattijon kirki, Allah shi jiƙan shi, ya miƙo mani makulli ya ce, "Malam Lawal, dukiyar gwamnati ce hwa, a wuyanka take." Na karɓa da hannu biyu, na riƙa kulle ɗakin kayan don tsoron a ɓata su. Daga nan na yi wa kayan nan jere irin na ɗakin amarya. Kin san yadda ake yi, a jera kwanoni da tasoshi har su kusa taɓa rufi, a goge su kullum, amma tuwo a tsohon kwano ake cin shi. Haka na jera mitoci bisa kanta, manya a baya ƙanana a gaba, na sa ƙyalle ina share masu ƙura. In manyan baƙi suka zo daga ofishin ilimi, ɗakina ake fara kai su. Su shiga hannu a baya, su ce masha Allahu, su yaba mani da tsafta, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Ɗalibai kuma ta taga suke leƙe, in na gan su in kore su.

Kada ki ce ban koyar ba, na koyar iyakar ƙarfina. Allah ya ba ni hannun zane, sai in zana mita a allo da alli mai launi, har da allurarta da lambobinta, yara su kwafa. In zana batir, in zana fitila, in ja layi in haɗa su, in yi wa fitilar 'yan gashi a kewaye alamar ta kama. Duk wanda zanensa ya fi kyau shi ne na ɗaya. Ga mita ta gaske a bayan bango ɗaya, amma ba wanda ya taɓa jin nauyinta a hannunsa.

Da aka yi mani canji zuwa Sabuwa, sai aka ce in miƙa kayan ga wanda zai gaje ni. Muka shiga tare ina taƙama, na ce masa ko allura ba ta ɓata ba. Muka fara ɗagawa. Batura sun yi amai fari sun cinye duk ƙarfen da ke kusa da su. Zanzaro ya yi gini a cikin mitocin baya. Robar wayoyi kana taɓawa tana marmashewa, gara kuma ta shigo ta ƙasa ta gama da akwatunan da na ajiye ragowar kayan. Mutumin ya dube ni, na dube shi, ya ce, "To Malam, ai dai ba a sace ba." Babu ɗalibi ko ɗaya da ya ɓata mani kaya, a hannuna suka mutu ina share masu ƙura.

Abin bai gama shiga jikina ba sai bayan shekaru, ranar da na tsaya a Sheme sayen masara. Wani ƙaton Alhaji mai tarin buhuna ya taso da sauri ya durƙusa.

"Malam, ranka shi daɗe! Ba ka shaida ni ba halan? Mamman ne, na bencin baya."

Muka gaisa, ya hana ni biya, ya tara abokan cinikinsa yana nuna ni. Can sai ya sunkuya ya sa yatsa a ƙasa ya zana mita tsaf, har da allurarta.

"Ka gani Malam, ban mance ba. Amma don Allah, tun muna yara nike son in tambaye ka, wai mi ake yi da ita?"

Wurin ya kaure da dariya, ni ma na yi, don shi da zuciya ɗaya ya yi tambayar. Amma kunya ce ta rako ni a kan babur har Ƙanƙara.

Saboda haka ki buɗe masu kabad, Uwata, kuma tun makon farko. Ban ce ki yi gaban kanki ba. Ki je wurin shugaban sashenku ki gaishe shi yadda ya kamata, ki faɗa masa gaskiya tun kafin a fara: yara za su taɓa kaya, wasu kayan za su ƙone, ga yadda kika tsara don kada ɓarnar ta yi yawa. Babban da aka gaya wa tun da wuri ba ya jin an raina shi, sau da yawa ma shi zai tsaya maki. Ki fara masu da ƙananan abubuwa masu araha, 'yan fitilun nan da batir, kafin ki miƙa masu ɗan ƙwaƙwalwa. Wutar bango kuwa ki ja masu kunne a kanta da gaske, ita ba ta san sabon shiga ba, haka ƙarfen dalma, ki nuna masu inda ake riƙewa kafin ya yi zafi. In ya so a ƙarshen zango a tarar wasu kaya sun ƙone, amma yaran sun iya. Wanda duk ya zo duba aikinki zai fi son ya ga abin da hannun ɗalibanki ya haɗa, in kuwa kabad mai tsafta yake nema, to ki aiko shi wurina in ba shi labari.

Ni abin da ya ba ni dariya ma, wai ke ce mai tsoron a ɓata kaya. Ke! Kin manta rediyona? Na san ba ki manta ba, amma bari in faɗa maki ɓangaren da ba ki sani ba. Kina 'yar firamare na tafi kasuwar 'Yankara, na dawo na tarar da ke a tsakar gida kin shimfiɗa zanen Innarki, kin zazzage cikin rediyon nan a kai, kin jera ƙusoshi gefe guda. Kika ɗago da murnarki kika ce, "Baba, ina neman inda mutumin yake zama ne." Rediyon da na saya da albashina na farko, wanda ko yayyenki ba sa taɓawa. Na yi faɗan da har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ban doke ki ba, sunanki ya cece ki, amma na ga yadda kika janye hannuwanki kika ɓoye su a bayanki. Kin daɗe bayan nan ko tocila aka ce ki miƙo sai kin dubi fuskata tukuna.

Innarki ce ta gyara abin da na ɓata. Ta bari na huce, sannan ta ce, "Kai da kake koya ma ɗiyan wasu lantarki, taka ɗiyar ta nuna sha'awa ka hana ta? To mi kake koyarwa can?" Ashe daga nan ta riƙa aika yayanki Nasiru wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa yana karɓo maki matattun da aka yar, kina fasa su a bayan rumbu in ba na gida. Ni ina nan ina cewa yarinya ta shiryu. Digirin nan naki a bayan rumbu aka fara shi, kuma ba da sanina ba.

Don haka ranar da ɗalibinki na farko zai ƙona abu, ki kula da fuskarki. Warin zai tashi, kowa zai juyo yana kallonki, har da mai laifin. Abin da kika yi a wannan lokacin shi za su riƙe har su gama. Ki matsa kusa, ki ce a cire batir, sannan ki tara su a kan abin da ya ƙone ku nemi dalili tare. Ki ajiye ƙonannun a gwangwani, 'yan baya su gani su san ba a kansu aka fara ba. Kuma in kin ga yaro yana fama da waya, kada ki ce "kawo nan". Ni da "kawo nan" na kashe wa Nasiru sha'awar gyaran keke, yana ɗaukar sifana ina fizgewa don na fi shi sauri, ga shi yau da gemunsa ko sarƙa ta zame sai ya tura wurin mai faci. Ki sa hannuwanki a aljihu ki yi masa bayani da baki, ko da zai ɗauki rabin darasin yana lalube.

Sai maganar "kun gane?". Wannan ita ce tambayar da na fi yi a rayuwata, kuma ban taɓa samun amsar gaskiya ba. A Sabuwa ina gama bayani sai in juyo in ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" har sai azuzuwan kusa sun ji. In tattara allina in fita ina jin ni gwani ne. Ranar jarrabawa in ɗauki takardu in yi ta salati. Na daɗe ina cewa yaran ne ba su da kai, ban lura cewa haka muka rene su ba. A wajenmu yaro ba ya duban babba ya ce masa bayaninka bai shige ni ba, ai rashin kunya ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce e, ya tafi da duhunsa.

Ban san zafin abin ba sai da ya faɗo kaina. Kin tuna da kika sayo mani wayar nan kika zauna kina nuna mani yadda ake buɗe saƙo? Yatsunki na gudu kamar na mai tsince tsakuwa a shinkafa, kika ɗago kika ce, "Ka gane, Baba?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, ai abu ne mai sauƙi." Wallahi ko ɗaya ban gane ba. Ina malami mai ritaya in ce wa ɗiyata ta maimaita? Haka na yi ta yawo da waya cike da saƙonni, ɗaurin aure ya wuce ni, suna ya wuce ni, har aminina na Faskari ya yi fushi ya ce na yi girman kai tun da aka fara biyana fansho. Da na gaya masa dalili sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya ce shi ma jikarsa ce ke karanta masa.

To ɗalibanki ɗiyan irinmu ne, balle waɗanda suka fito daga ƙauyuka suka tarar da 'yan birni na danna kwamfuta kamar da ita aka haife su. Ba za su ce ba su gane ba ko za a yanka su. Ki bar tambayar nan gaba ɗaya. Ki sauko daga gaban allo ki bi benci-benci, ki ce, "Nuna mani." Wanda ya iya zai nuna, wanda bai iya ba kin gan shi ba tare da kin kunyata shi ba. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ki zaunar da shi ya riƙe, kada ki ɗauka kowa ya sani. In kin haɗa su rukuni-rukuni ki sa ido, don a kowane rukuni akwai mai zaƙewa da zai mamaye kayan, sauran su zama 'yan kallo. 'Yan mata musamman, za ki ga an miƙa masu biro an ce su rubuta sakamako, su kuma su karɓa don kawaici. Ni a ajina haka aka yi ta yi, ban taɓa cewa uffan ba, don ban ma ga abin ba. Ke da kika sha wannan a naki karatun, ki riƙa juya su, mai biro yau ita ce mai waya gobe.

Akwai wani abin dariya da na yi shekaru ina yi. Littafin da aka ba mu, babban misalinsa shi ne ƙararrawar ƙofa, wadda baƙo zai danna ta yi ƙara a cikin gida. Na koyar da ita aji bayan aji, ana zanawa ana haddacewa. Wata rana wani ɗalibi mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to shi baƙon bakinshi ciwo shike da ba ya yin sallama?" Na kore shi waje don ya sa aji dariya, alhali gaskiya ya faɗa. Duk faɗin Sabuwa a lokacin babu gida ɗaya mai ƙararrawa, zaure ne da sallama, in ba a ji ba a aika yaro.

Ke kada ki ɗauko masu misalin da ba su taɓa gani ba. Ki tambaye su me ke damun gidajensu. Za ki ji mai cewa tankin ruwansu na cika ya yi ta zuba ba wanda ya sani. Za ki ji wadda uwarta ke asarar ƙwan zabi saboda babu abin da zai riƙe masu ɗumi daidai. Wani awaki ne ke shiga lambun babansa, wani hatsi ne ke yin gumi a rumbu ba a ankara ba. Kin ce ɗan ƙwaƙwalwar nan yana jin zafi da sanyi da motsi in an haɗa shi da abin da ya dace, kuma duk abin da aka umarce shi shi yake yi, ba ƙari ba ragi. To ki bar su su umarce shi a kan abin da ya shafe su. Yaron da ke son ya kai wa tsohuwarsa abin da ya haɗa da hannunsa ba sai kin bi shi da faɗa ya zo aji ba.

Kuskuren da ya fi ci mani rai kuwa ke na yi wa shi, kuma ba ki taɓa tayar da maganar ba. Hutunki na farko daga jami'a kika kira ni ɗaki da zumuɗi, kika jona ɗan allon nan da kwamfutarki, kika danna wani abu, sai wata 'yar fitila ja ta fara ƙyaftawa, ta kama ta mutu, ta kama ta mutu. Kika tsaya kina kallona. Ni kuma da bakina na ce, "Shi ke nan? Ai tocilata ma haka take yi in batir ya yi sanyi." Wasa na yi nufi, amma na ga yadda kika naɗe wayoyinki a hankali kika mayar jaka. Sai daga baya Innarki ta gaya mani kin yi kwanaki kina fama da umarnin nan yana ƙin tafiya, kina gogewa kina sakewa, kafin fitilar ta saurare ki. Ki yafe mani wannan, Uwata. Abin da ya kamata in yi shi ne in kira duk gidan su zo su gani.

Ke yanzu fitila mai ƙyaftawa ba komai ba ce a wurinki, kin wuce nan da nisa. Amma ranar da ta wani ɗalibinki ta ƙyafta karon farko, ki tuna shi bai wuce ba. Ki tsaya a bencinsa, ki kira sunansa, ki ce aji su zo su gani. In ya yi ihu ki ƙyale shi ya yi. Sannan ki ce masa ya sa ta yi sauri, ko ta yi jinkiri, don ya tabbatar wa kansa shi ne ke juya ta ba sa'a ba ce. Wanda tasa ta ƙi kuma kada ki gyara masa umarnin, ki zauna kusa ku karanta shi layi-layi har ya ga inda ya kauce da idonsa.

Saura magana ɗaya, ita ce na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Na ce maki na kulle kayan Faskari don tsoron a ɓata dukiyar gwamnati. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. A kwas ɗin da aka tura mu, malaminmu shi ma a gaba ya tsaya yana haɗawa muna kallo daga nesa, muka tafa masa, aka ba mu takardar shaida. Da akwatunan suka iso ban san ta inda ake fara taɓa su ba. Tsorona shi ne in buɗe, yaro ya ce Malam nuna mana, in tsaya ina zare ido. Na koyar da lantarki har na yi ritaya, ana ce mani Malamin Fasaha, amma ban taɓa haɗa waya da batir da makunni na ga fitila ta kama da hannuna ba. Ko Innarki ba ta san wannan ba sai shekaranjiya da na gaya mata.

Ke kuwa kin iya. Na ga hannunki a kan kayan nan, ba ya rawa. Ba ki da dalilin da ni nake da shi, saboda haka kada ki ari halina.

Kuma ina da roƙo. Ki ajiye mani wuri a ajinki. Da gaske nake. Na riga na sa an wanke mani babbar riga, na yi magana da direban da ke lodi a tashar Ƙanƙara ya riƙe mani gidan gaba saboda gwiwata. Innarki ta ce, "Tsoho da kai, za ka tahi ka ba ta kunya gaban ɗalibanta?" Na ce mata ai amfanina ke nan. In yaran nan suka ga tsoho da furfura ya fara ƙona fitila, aka yi dariya, ba a kore shi ba, to ba sauran mai jin tsoro. Na ɗauki nauyin ɓarnar farko, ki gaya wa shugaban sashenku a rubuta ta da sunana. Fitila ta biyun kuma, in Allah ya yarda, za ta kama, ina so in ga wannan da idona tun hannuna yana iya riƙe waya. Ranar da za ki buɗe kabad ɗin ki sanar da ni da wuri, hanyar nan ba ta da kyau, kuma bencin gaba nake so.

Allah shi yi maki albarka, shi ba ki haƙuri da ɗiyan mutane, shi sa su amfana da ke duniya da lahira. Allah shi kare ki da ɗalibanki daga tsautsayi, shi haɗa ki da shugabanni masu adalci, shi tsare mana ke har mu sadu cikin alheri. Ki riƙe salla a kan lokaci, kuma ki riƙa cin abinci. Amin summa amin.

Mahaifinki,
Malam Lawal.